Ina Tsoron Alkawarin da Zan Ɗauka Ranar Baftisma

Inna, don Allah ki taimake ni, kada ki jefa wasiƙar nan a kwandon shara don kin ga ba rubutun ɗan makaranta ba ne. Aski nake yi. Karatu ni na ƙarasa koya wa kaina, kuma duk abin da ya faɗo hannuna sai na cinye shi daga bango zuwa bango, ko da takardar cikin kwalin magani ce. Wannan halin ne ya jefa ni cikin abin da nake ciki.

Ƙarshen watan nan za a yi mini baftisma. Kawuna, yayan mahaifiyata, dattijo ne a ikkilisiyarmu, shi ke koyar da ajin masu shiri. A coci aya-aya ake ba mu Littafi, kamar ana ba yaro magani da cokali. To wata rana aka ɗauke wuta, injin aski ya tsaya, shago ba kowa, sai na haye kujerar aski na karanta mafi gajarta cikin bisharu huɗu a zama ɗaya.

Ashe haka almajiran nan suke? Mutanen da ake zana mana su da haske a ka! A yi abin al'ajabi a gabansu, su kasa ganewa. Ubangiji yana gaya musu za a kashe shi, su suna baya suna gardamar wane ne babba. Ya ce su taya shi addu'a, suka ɓingire da barci. Da aka zo kama shi kowa ya ranta a na kare. Babbansu, mai saurin baki irina, wanda ya bugi ƙirji ya ce ko mutuwa ce yana nan, wata baiwa ce kawai ta dube shi ya hau rantsuwa bai san mutumin ba. Har na ga ɗan rubutu a ƙasan shafi cewa a wasu tsofaffin kwafi littafin ya ƙare ne inda matan da suka je kabarinsa aka ce musu ya tashi suka gudu suna rawar jiki, ba su gaya wa kowa ba.

Ga Kawu kuma yana sa mu maimaita amsar ranar. Ya tambaya ko za mu bi Almasihu har mutuwa, aji ya amsa da ƙarfi, in bai yi masa ba ya ce a sake. Ni na yi gum. Ya matsa mini. Inna, bakina ba shi da linzami. Na ce masa ƙarya yake koya mana da murya ɗaya, waɗanda suka gani da idonsu sun tsere balle mu, kuma da za a ji ƙarar bindiga a bakin ƙofa shi zai riga kowa shigewa ƙarƙashin benci. A gaban 'yan mata da yara na faɗa. Ya naɗe tabaransa ya fita. Daga baya ya aiko cewa in yanke shawara kafin Lahadi, ko in amsa ko a cire sunana.

Mahaifiyata ta riga ta kai ɗinkin farar riga. Ta daina yi mini faɗa, kallona kawai take yi, wannan ya fi duka ciwo.

Ba taurin kai ba ne, tsoro ne. Na san kaina. In masu ba'a suka shigo shago, hannuna da kansa yake tura Littafin ƙarƙashin tawul, alhali ba wanda ya zaro mini ko allura. In na tsaya cikin ruwa na ɗauki alkawarin, na yi wa Allah ƙarya ido da ido. In na ƙi, ai na musunce shi tun kafin a tambaye ni. Jiya na kusa yanke wa wani kunne saboda tunani. Ina zan sa kaina?

Mai aski mai zafin kai

*

Ɗana, karatunka bai ɓatar da kai ba. Abin da ka gani yana nan a rubuce, kuma na ji daɗin samun saurayin da ke tsoron yi wa Allah ƙarya. Amma ka tsaya a rabin tambaya. Wa ya adana labarin gudun nan? Masu bi na farko ne, waɗanda mutanen da suka gudu ɗin ne shugabanninsu. Da sun so, da sun share abin kunyar. Masana da yawa na ganin an rubuta littafin ne domin mutanen da ke cikin tsanani, masu tsoro kamar kai, don su san irin waɗanda aka fara kira.

Koma kabarin ka sake dubawa. Saƙon da aka ba matan na almajiran da suka tsere ne, kuma an ware mai saurin bakin nan an kira sunansa. Ba a kore shi ba, aika masa aka yi. Matan sun ji tsoro, gaskiya ne, amma da shirun ya ɗore da labarin bai iso shagonka ba. Abin da ya kayar da babban almajirin shi ne ya jingina da ƙarfin zuciyarsa, har ya ɗora kansa sama da 'yan uwansa. A nan ka yi hattara, domin kai ma da ka auna kawunka ka yanke masa hukuncin ragwanci, hanyarsa ka bi. Ba ka san abin da ya jure a shekarunsa ba.

Kawun naka ma yana da nasa laifin. Ƙarfin murya ba ma'aunin bangaskiya ba ne, kuma tambaya irin taka zama take so, ba wa'adi ba. Sai dai mutumin da aka muzanta a gaban yara da wuya ya ji tambayar da ke cikin zagin.

Ka je gidansa kafin Lahadi, kai kaɗai, ka durƙusa ka nemi gafarar maganar benci. Tambayar kuwa kada ka janye ta. Gaya masa abin da ka gaya mini, cewa tsoro ne. Ka roƙe shi ya bar ka ka amsa da cewa za ka bi da taimakon Allah, ikkilisiyoyi da yawa ma haka suke amsawa. Wannan ba ƙarya ba ce, don ba jarumtakarka ka yi alkawari da ita ba. In har zuciyarka ba ta kwanta ba, ka nemi a ɗaga maka zuwa karo na gaba. Jinkiri ba musu ba ne. Mahaifiyarka kuma ka zaunar da ita yau ka yi mata bayani, don tana zaton bangaskiyar ce ka bari.

Shawarata dai ka shiga ruwan, da tsoron naka duka. Ba a ce sai ya ƙare za a karɓe ka ba. Allah ya sanyaya maka harshe, ya tausasa zuciyar kawunka, ya riƙe ka a ranar da ƙafafunka za su so gudu.

Innarku