Bakin Duna

Litinin, 2 ga Yuni, 2025
Satin Babbar Sallah, shagunan aski a cike, na Baban Ƙauna kuwa kujera na shan iska. Ya ce asiri aka yi masa. Wane asiri! Mai aski yana sunkuyawa ne a kan fuskar mutum, bakin mijina kuma wari yake yi. Ni da ke kwana kusa da shi na sani. Amma ta ina mace za ta fara faɗa wa mijinta wannan? Na gaji.

Laraba, 4 ga Yuni
Na samo dabara. Karenmu Duna shi ma bakinsa ba kanta. Na kai shi wurin likitan dabbobi, ya ce datti ne ya daskare a haƙoransa, dasashi ya kumbura, ga wani haƙori ya ruɓe. Da yamma na zayyana wa Baban Ƙauna komai, har na ƙara da gishiri: “Likita ya ce mutane ma haka ne. A goge harshe, a sha ruwa sosai, a duba haƙori.” Ya ce, “Allah sarki Duna.” Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Asabar, 7 ga Yuni
Na ajiye kanumfari da sabon asuwaki kusa da reza. Ya ba wa maƙwabci.

Talata, 10 ga Yuni
Kullum sai na tsuguna a gaban Baban Ƙauna ina goge wa kare haƙora da tsumma, ina mita da ƙarfi: wannan wari zai kori kowa daga gidan nan. Duna yana kallona da haƙuri. Bayana ciwo yake.

Laraba, 11 ga Yuni
Na dawo kasuwa, ba Duna. Baban Ƙauna ya ɗauke shi a babur ya kai wa wani manomi a Miri. Ya tare ni da fara'a: “Paulina, na raba ki da wahala. Tunda warin ya dame ki haka.” 'Yarmu Ƙauna ta ƙi cin abinci, kuka kawai take yi. Karen da ta rena tun yana ɗan kwikwiyo. Ni na jawo, kuma abin ya ƙona min rai.

Alhamis, 12 ga Yuni
Na faɗa. A tsakar gida, ina wanke-wanke, ban ɗaga kai ba. “Baban Ƙauna, ba bakin Duna ba ne. Naka ne.” Sai ya ce, “Tun yaushe?” Na ce tun bara. “Kika bar ni ina hura wa mutane a fuska tun bara?” Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Litinin, 16 ga Yuni
An cire wa Baban Ƙauna wani ruɓaɓɓen haƙorin baya a asibiti. Shi kaɗai ya je, bai ce in raka shi ba. Ya dawo da kumburarren kumatu, na dama masa kunu. Da ya sha, ya matso ya hura min iska a fuska, ya ce, “Faɗi gaskiya.” Na ce da saura. Ya gyaɗa kai. Ban san bakina zai iya fitar da ita da sauri haka ba.