Ni na rubuta cewa maganin babana lemo ne

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Babana mai maganin tari ne a Dauran, saiwa yake dafawa ya zuba sukari don yara su iya haɗiye ɗacin. Ni nake riƙe masa ludayi tun ina ƙarami. Da ya kwanta ciwon ajali sai Sahabi, ɗan yayansa, ya dinga zuwa dubiya yana tambayar awo, ashe kwashewa yake yi. Ko arba'in ba a yi ba ya buɗe ɗan kamfanin maganin a Kaura Namoda, ya buga hotonsa a kwalba da wani uban rawani, sunan Baba ko a gefe babu. Da na yi magana ya ce, "Kai mi ka sani ban da hura wuta?" Wallahi har yau maganar nan tana ci na.

Sai na ji wani direban Shinkafi yana cewa lemon kwalba mai sukari ana ɗora masa haraji, amma an ɗauke wa magani ko da sukari a ciki, tunda ba sukarin ke warkarwa ba. Na zauna na rubuta wa masu haraji takarda ba suna, na ce lemo Sahabi yake yi da sunan magani. Na san ƙarya ce. Suka zo suka tsayar da aikin sai sun bincika, kuma ba zan ɓoye ba, ranar har ƙarin tuwo na yi. Shi ya ji tausayina? Ya tuna Baba?

Jiya sai ga shi a ƙofar gidana, ya rame. Ya ce, "Ƙanena, kai ɗai ka san awon Baffa. Taho ran Litinin ka hwaɗa ma masu haraji sukarin nan don ɗaci aka sa shi." Bai san ni ne ba.

Ina so in ga an rufe kamfanin nan, ina so ƙwarai, ko nadama ba na ji a kansa. Amma in na tsaya kan ƙaryata, da bakina za a rubuta cewa abin da Baba ya ƙare rayuwarsa yana dafawa ruwan sukari ne kawai. Wannan ce kunyar da ta hana ni sakat.

Litinin jibi ce. Me zan yi?