Bel Ya Tsinke, Na Rantse Ba Zan Je Gidan Surukina Ba, Ga Suna Ya Zo

Malam Umar Faruk, ina yi maka sallama. Don Allah ka agaza mini kafin Juma'a. Ban yi boko ba, maƙwabcina James ne yake rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya sassauta ko kalma ɗaya.

Ni dillali ne a Kasuwar Shanu tun ba a haifi waɗannan kanikawa masu riƙe sifana ba. Ina da 'yar mota ja. Abokina Abdulsalami ma tasa ja ce, kamar an tsaga kara. Bara bel ɗinsa ya tsinke, wanda suke cewa taimin bel. Mijin 'yata, Ridwan, bakanike ne, shi ya sa masa sabo kafin la'asar, kuɗin bai kai na ɗan akuya ba.

Makon jiya nawa ya tsinke a hanyar Khaddamari. Na murɗa makulli har yatsana ya yi kanta, na sa makiyaya suka yi ta turi, ta ƙi tashi. Aka jawo ta garejin Ridwan. Sai ga saƙo ta bakin 'yata Raudatu, don shi ba ya haɗa ido da ni, wai sai an buɗe kan inji, bawul sun lanƙwashe, kuɗin ya doshi na maraƙi. Bare ɗan akuya, uban matarsa maraƙi! Wai kuma ba zai karɓi ladan aiki ba, kaya kawai zan saya. Malam, a sana'armu duk wanda ya ce bai ci komai ba, shi ya tauna har ƙashi.

Da ma na ga take-takensa. Tun kafin azumi ya durƙusa yana magana ƙasa-ƙasa, wai a canza bel. Na buɗe gaban motar, na ja bel ɗin da nake gani da hannuna, ƙarfinsa kamar igiyar ɗaure bijimi. Wa ya taɓa jefar da igiya ba ta tsinke ba? Yaron nan ko a bikinsu sai da aka kai wa ƙanina nakiya kafin ni.

To, na rantse a gaban jama'a ba zan taka gidansa ba sai ya gyara a kan kuɗin Abdulsalami. Sai kawai Raudatu ta haihu, namiji, Juma'a suna, na kuma ji ƙishin-ƙishin sunana za a sa. Uwarta ta daina yi mini magana, tuwo ma ajiyewa take ta juya. Ka buga a jarida ni ke da gaskiya, ya ji kunya ya sauko.

Tsohon Dillali, Moduganari

Baba, barka da samun jika. Amma abin da ka ce in buga ba zai bugu ba.

Jan fenti ba ya sa motoci su zama 'yan uwa. Akwai injin da in bel ya tsinke sai ya tsaya cak, a sa sabo a wuce. Akwai wanda bawul da fistin suke bin hanya ɗaya, bel ɗin ne yake sa su kauce wa juna. Da ya tsinke sai su yi karo. Bisa bayaninka, Alhaji Abdulsalami yana da na farko, kai kana da na biyu, murɗa makulli da turin makiyaya kuma ba su rage ɓarnar ba. Bel ɗin da ka ja ma ba shi ba ne. Na taimin a rufe yake, ba a ganinsa sai an kwance murfi.

Ridwan ma yana da nasa laifin. Kunyar surukuta ta sa ya faɗa sau ɗaya ya ja baki, alhali inji ba ya jin kunyar kowa. Da ya nace, ya nuna maka, da ba a kai nan ba. Kuma hakkinka ne ka ga abin da za ka biya. Gareji ba gidansa ba ne, ka je ya ɗora maka bawul ɗin a tafin hannu. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kai wa wani bakaniken ya duba, ba tare da ka faɗi sunan kowa ba.

Batun rantsuwa, ka sami limamin unguwarku yau ɗin nan ya yi maka bayanin kaffara. Mota za ta iya jira, suna ba ya jira. Ka sa babbar riga, ka tari keke, ka isa kafin a raba goro. Raudatu ba za ta manta da wanda bai zo ba, jama'ar da suka ji rantsuwarka kuwa suna can za ka tarar da su a kan tabarma.

Allah Ya raya takwara, Ya ba shi ƙarfinka, Ya rage masa kafiyarka.

Umar Faruk