Hannu Irin na Baba

Madawa, daren Laraba

Kwana huɗu ina fama da kwankwason Gwaggo Hajo, tun da ta faɗi a bakin rijiya. Ni da na gaji ɗori wurin Baba, na tofa, na shafa man shanu, na ɗaure. Ko zanenta aka taɓa sai ta yi ƙara. Yau na haƙura, muka kawo ta asibiti.

Lokotoro, wato likita, ya ce karayar tana can ciki, karan ɗori ba ya kama ta, sai an yi mata aiki gobe a asibitin Tawa. Ya yi mata allura guda a gindin cinya, wai don ya kashe jijiyar da ke kai zafin. Kafin la'asar ciwo ya kwanta, ita kuwa idonta biyu, har tana neman fura.

Na yi murna, amma kaɗan.

Ta riƙe hannunsa ta ce, "Ɗana, hannunka irin na yayana ne, Allah ya jiƙansa."

Yayan nata Babana ne. Shekara ashirin ina ɗori, ba ta taɓa gaya mini haka ba. Ina tsaye a gefe, riƙe da kwanon furar.