Zuwa Ga Inna, Kan Rigakafin Tsargiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, na zo miki da labarin aikin nan da kika rasu ban gama yi miki bayaninsa ba.

Kin tuna daminar da na fara fitsarin jini, bayan wankan da muke zuwa yi a kududdufi? Maƙwabtanmu a Ɗan Iya suka ce alamar balaga ce, duk namiji sai ya yi. Ke kuwa kika yafa mayafinki kika ce, "Ni ban haifi ɗa don ya zubar da jini ina kallo ba." Kika sa ni gaba har asibiti. A can aka ce tsargiya ce, tsutsa ce ta ruwa.

A kanta nake aiki yau. Maganinta akwai, amma yaro na warkewa zai koma ruwa ya sake kamuwa, shi ya sa muke neman rigakafi. Muna zuba shi cikin wasu 'yan ƙwayoyi da suka fi garin tuwo laushi. Idan an yi allura, sai su riƙa narkewa a hankali cikin jiki, suna sakinsa kaɗan-kaɗan, don kada uwa ta yi ta jigilar ɗa zuwa asibiti.

Mun yi shekaru abin yana lalacewa. Wani lokaci ƙwayoyin su fashe da wuri, wani lokaci a ɗauke wuta, duk abin da ke firij ya tashi a banza. Ranar da na ce miki zan bari in koma koyarwa, kina kwance ba lafiya. Cewa kika yi in dakata, idan kin warke sai mu yi maganar. Ba mu yi ta ba, ni kuma na kasa bari.

Makon jiya sakamako ya fito. Ɓerayen da muka yi wa allurar, tsutsar ba ta yi musu yawa kamar sauran ba. Da saura kafin a kai ga mutane, Inna, wataƙila ma ba a hannuna za a kai ba. Amma sai da na ciro waya zan kira ki kafin na tuna.

Sai na kira Baba. Da ya ji labarin, sai ya ce, "Ka je ka gaya mata." Ranar Juma'a zan zo, in Allah Ya so.

Na gode, Innata. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu a Aljanna.

Ɗanki,
Nasiru