Na Rubuta Maƙala Kan Manhajar Ɗana, 'Yata Ta Sa Mata Almakashi

Malama mai wannan fili, don Allah ki agaza mini da shawara tun kafin in aikata abin da zan dawo ina cizon yatsa. Ban taɓa kai kukana jarida ba. Shekara talatin da ɗaya na yi a madaba'a ina duba kurakuran rubutun mutane, kullum ni ke gyara wa wasu, yau ga shi ni ake gyara wa. Kuma mai gyaran 'yar cikina ce, a bainar jama'a.

Bari in faro miki daga tushe, ki yi haƙuri da surutun tsoho. 'Ya'yana biyu ne. Babbar mace ce, tana aiki a ɗakin karatu na wata jami'a, a gida kowa Yaya yake ce mata, har ni. Ƙaninta Auta aikin kwamfuta yake yi. Shekara huɗu da suka wuce idon mahaifiyarsu ya fara rauni. Ita kuwa mace ce da ko kofi ba ta wankewa sai da waƙa a kunnenta. Wayar ta zo ta gagare ta, rubutun ciki kamar sawun tururuwa, ta danna nan talla ta fito, ta danna can ta kira mai gyaran famfo. Har ta daina saurare, gidan ya yi tsit kamar an yi baƙon kunya.

Auta ya zauna a teburin cin abincinmu wajen wata biyar, ya haɗa mata manhajar sauraren waƙa. Maɓallai uku ne kacal, manya-manya, tana faɗin sunan waƙa da murya, tana tuna inda mutum ya tsaya, kuma ba ruwanta da data. Ya sa mata suna Kunne. Daga baya ya sake ta kyauta, tsofaffi da masu larurar gani suka yi ta ɗauka, har daga wuraren da ban san da su ba ana aiko masa da godiya.

Ita kuma Yaya shekararta takwas tana aikin sa-kai a kundin sanin nan na intanet, wanda kowa ke iya rubutawa da gyarawa, har ta zama cikin masu kula. Ita da kanta ta yi mini rajista, da ta ga zaman ritaya ya sa na fara bin shagunan unguwa ina nuna wa mutane kuskuren da ke jikin allunansu. Na kuwa ji daɗin abin. Wata shida ina saka wa haruffa ƙugiya, ina gyara waƙafi da aya, babu wanda ya ce mini kanzil.

Ranar nan na nemi Kunne a kundin, sai na tarar da kunnen mutum kawai, da zanen dodon kunne. Raina ya sosu. Na zauna na rubuta bayanin manhajar a ƙasan wannan maƙala. Ko minti goma ba a yi ba wani mai gyara da ke kiran kansa Tsintsiya ya share, ya bar mini saƙo wai kunnen mutum da na waya ba sa kwana kan matashi ɗaya. Na haɗiye, domin gaskiya ya faɗa. Na buɗe mata shafinta daban, na yi kwana uku ina rubutu. Na ce ita ce mafi sauƙin amfani a duniya, na ce kafin ita babu wanda ya tuna da tsofaffi. Sannan na ware sashe guda na ba da labarin mahaifiyarsu: yadda idon ya fara, abin da likita ya ce, da ranar farko da ta ji muryar ta ambaci sunan waƙarta, kofin hannunta ya suɓuce tana hawaye. Malama, ban taɓa rubuta abin da ya kai wannan sashe kyau ba.

Kowace maƙala tana da shafin tattaunawa a bayanta, inda masu gyara ke ja-in-ja. To nan kasuwa ta ci. Tsintsiya ya ce talla ce tsagwaronta. Wata ta ce a ɗauke ta a cusa cikin jerin manhajojin waƙa, layi ɗaya ya ishe ta. Layi ɗaya, aikin wata biyar! Wani ya tsaya mana, ya ce kakarsa da ita take amfani, aka ce masa kaka ba madogara ba ce, rubutacciyar shaida ake nema. Mutum biyu kuma suka kwashe kwana biyu suna musu kan ko manhajar waƙa za a kira ta ko manhajar sauti, tunda har karatun littafi ana ji da ita. Akwai wani mai ladabi, Dogon Nazari, shi tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa, ko akwai jarida ko mujallar da ta yi rubutu a kanta.

Nan na fusata. Na rubuta musu cewa ni ne uban wanda ya ƙirƙira, a kan teburina aka yi, ganau ne ni ba jiyau ba, wace madogara ce ta fi wannan? Ashe fetur na watsa wa wuta. Tsintsiya ya kai maƙalar zauren da ake yanke hukuncin gogewa, aka ba da kwana bakwai kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Washegari Yaya ta shigo maganar. Ta rubuta cewa marubucin maƙalar mahaifinta ne, mai manhajar ƙaninta ne, saboda haka ba za ta kaɗa ƙuri'a ba, ba kuma ita za ta rufe muhawarar ba. Amma ta cire sashen mahaifiyarta ɗungurungum, wai bayanin lafiyar mutum ne mai rai kuma babu madogara. Ta kuma amince a bar tambarin da aka manna a saman shafin, mai cewa wanda ya rubuta yana da alaƙa da abin da yake yabo. Daga farko har ƙarshe marubucin maƙala take kirana. Yarinyar da na goya a kafaɗa zuwa makaranta, wadda ni na koya mata riƙe biro.

Ta kira ni sau uku ban ɗauka ba. Ranar Asabar ta zo kamar yadda ta saba, ta kawo wa mahaifiyarta maganin ɗigawa a ido, ta hau kujera ta canza ƙwan fitilar baranda da ya yi sati a mace, sannan ta zauna a gefen kujerata. Ni kuwa shafi ɗaya na jarida na yi ta karantawa har ta tashi. Da za ta fita ta durƙusa ta ce in na huce tana son mu yi magana. Na ce na ji, ban ɗago ba. Tana rufe ƙofa na ji kamar in bi ta a guje.

Auta ya ce shi bai roƙi kowa maƙala ba, abokan aikinsa sai tsokanarsa suke yi suna kiransa gwanin duniya, don Allah a bar maganar. Mahaifiyarsu kuma, da na karanta mata sashen nata don ta ji abin da 'yarta ta goge, sai ta yi ta jujjuya abin sauraronta a hannu. Can ta tambaye ni ko kowa a duniya yana iya karantawa, har waɗanda suka yi koyarwa tare. Na ce ƙwarai kuwa. Ta mayar da abin sauraronta kunne. Na san daɗi ne ya hana ta magana.

Ba zan ɓoye miki ba, ina da ambulan guda a cikin durowa. Akwai shafi biyu da wata mujallar fasaha ta yi kan manhajar, da rahoton wata jarida, da wasiƙar labarai ta ƙungiyar masu larurar gani. Na ƙi ba Dogon Nazari ne don zuciya. Ta yaya za a yi takarda ta fi maganar uba daraja?

Yanzu saura kwana huɗu. Aminina, wanda muka yi aiki tare yana ɗaurin littattafai, ya ce in sa dangi su yi rajista su kaɗa mana ƙuri'a. Na rubuta sunaye goma sha huɗu, takardar tana aljihuna. Na san haramun ne a dokarsu, kuma in aka gano, sunan Yaya ne zai ɓaci. In ban yi ba kuma shafin yarona ya tafi. Malama, in yi? Kuma ki gaya mini tsakani da Allah, ba hakkin 'ya ba ne ta tsaya wa jininta? Ina son yarinyar nan fiye da yadda bakina zai iya faɗa, shi ya sa abin yake cina.

Naki,
Tsohon Mai Jan Biro

Baba Mai Jan Biro,

Kafin komai, ciro takardar nan daga aljihu ka yaga ta. Aminin naka yana ƙaunarka, amma shawararsa gurguwa ce. Mutum goma sha huɗu da ba su taɓa gyara ko harafi ba su bayyana rana guda da baki ɗaya, irin su Tsintsiya za su gane tun kafin tawada ta bushe. Maƙalar ta tafi, shekara takwas na Yaya su sha ƙura, kai kuma ka rasa bakin magana a gidanka.

Zafin da ka ji na gaske ne, ba zan raina shi ba. Yaya ta yi kuskure ɗaya: kamata ya yi ta kira ka kafin ta taɓa shafin, ba bayan ta taɓa ba. Uba bai cancanci ya tsinci irin wannan a gaban baƙi ba, kuma kana da damar ka gaya mata haka. Amma dubi sauran abin da ta yi. Ta fito fili ta ce kai mahaifinta ne, alhali tana iya yin shiru a ɓoye. Ta janye hannunta daga hukunci don kada a ce ta yi son kai ko ta yi maka mugunta. Marubucin maƙala da ta kira ka harshen wurin aiki ne. Kai ma da ɗanka ne ya kawo rubutu madaba'a da kuskure, na tabbata ba za ka bari a buga don jini ba. Wadda ta raina uba ba ta zuwa ranar Asabar ta zauna a gefensa yana share ta.

Akwai abin da ya tsaya mini a wasiƙarka, kuma kai ka wuce shi da sauri. Uwargidanka ta tambaya ko waɗanda suka yi koyarwa tare za su iya karantawa. Baba, wannan ba tambayar mai jin daɗi ba ce. Ciwon nata ne, hawayen nata ne, kuma ban ga inda ka ce ka nemi izininta kafin ka shimfiɗa su a gaban duniya ba. Mai yiwuwa Yaya ta san abin da mahaifiyarta ba ta iya gaya maka ba, don kada ta kashe maka gwiwa. Ka zauna da ita yau, ka tambaye ta, kada ka amsa mata da kanka. In ta ce ba ta so, ka nemi afuwarta. In ta yarda a rubuta, ka rubuta shi da hannunka a ajiye a gida, jikoki su gada. Labari ne mai kyau, wurinsa ne kawai ba can ba.

Batun ganau da jiyau kuwa, babu wanda ya ce ƙarya kake yi. Mai karatu ne ba shi da hanyar zuwa teburinka ya tabbatar, amma yana iya neman mujalla ya duba. Abin da zai ceci shafin Auta yana kwance a durowarka kana fushi da shi. Ka ɗauki hoton takardun nan, da sunan kowace da ranar da ta fito, ka miƙa wa Dogon Nazari, ka ce kai ka koma gefe su rubuta. Za su cire mafi sauƙi a duniya, za su bar abin da takarda ta shaida. Maƙalar za ta rame, amma za ta tsaya da ƙafarta. Ban yi maka alkawarin za ta tsira ba. Ko layi ɗaya aka bar mata, manhajar ba za ta daina yi wa tsofaffi waƙa ba. Shi kuma Auta, yabon nan ka yi masa ido da ido, ya fi masa shafi goma daɗi, kuma ba mai tsokanarsa a kai.

Abu na ƙarshe, ka kira Yaya tun kafin kwana huɗun su cika. In ka jira sakamako, za ta ɗauka sulhunku ya rataya ne a kan ƙuri'ar baƙi. Ba sai ka shirya jawabi ba, ka ce ta zo kawai, sauran maganar za ta zo da kanta. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma baki ɗaya suke kwana.

Allah ya ƙara wa uwargida lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya bar ku tare da yaran nan da kuka iya reno.