Jan akwatin da surukina ya saya mini

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Na san matsalolin da ake kawo miki na aure ne da na zuciya, tawa kuwa ta sifana ce da soket, ƙarafan kwance noti. Kada ki yi mini dariya, wallahi abin ya kai in tashi da safe in ji ba na son zuwa wurin aiki.

Ni bakanike ne. Na daɗe a garejin ogana, bara ya sallame ni da albarka, na samu 'yar rumfa a bakin titi tsakanin mai faci da mai walda, na buɗe nawa wurin. A garejin oga kayan aiki duk masu tsada ne. In ka ɗaga sifana za ka ji nauyinta a hannu, in ka ɗora ta a kan noti ta zauna daram. Wasu na tarar da su a can, na baro su bakinsu bai saki ba. Niyyata in riƙa sayen irinsu ɗaya bayan ɗaya, ko da zai ɗauke ni shekaru.

Ranar da na buɗe rumfar sai ga surukina, mahaifin matata, wanda nake kira Baba, ya sauko daga tasi da wani ƙaton jan akwati mai durowoyi, sai da direban ya kama masa. Cike yake da kayan aiki, komai sai ƙyalli, kowane ƙarfe da gurbinsa. A cikin kuɗin sallamarsa na ritaya ya saya, bai gaya wa kowa ba. Mai shagon ya rantse masa cewa daidai suke da masu tsadar, suna ne kawai ya bambanta. Ina ɗaga sifana ɗaya na gane ba haka ba ne. Amma Anti, da kin ga fuskarsa ranar, ke ma godiya za ki yi ki yi shiru.

Baba mutumin kirki ne. Tun da surukata ta rasu gida ya yi masa faɗi, garejina ya zama wurin hirarsa. Kullum bayan la'asar zai zo ya zauna a benci da rediyonsa. In na tashi aiki shi ke goge kayan da tsumma, ya mayar da kowane gurbinsa. Duk wanda ya kawo mota sai ya nuna masa akwatin, ya ce ɗansa ba ya aron kayan kowa. Ɗansa yake ce mini, ba suruki ba.

Da farko kayan sun yi aiki. Daga baya sifanonin da na fi amfani da su suka fara buɗe baki, suna sulɓewa suna cinye kan noti. Wata rana ina kwance ƙafar wata mota, notin ya ƙi motsi, na zura bututu a hannun racet, abin juya soket, don in ƙara ƙarfi. Soket ɗin ya tsage, hannuna ya daki ƙarfe, sai da aka yi mini ɗinki. Na ce wa Baba santsin mai ne. Bayan nan wata hajiya mai motar kai yara makaranta ta kawo juyen mai, sifana ta cinye kan notin ƙasan inji, aikin da bai kai awa ba ya kwana. Ba ta yi faɗa ba, ta dai daina zuwa. Yanzu ina ganin motarta tana wucewa ta gabana.

Abin da ya fi ba ni kunya, duk ƙarfen da ya karye nakan saɗaɗa kasuwa in sayo irinsa sak, mai arhar, in saka a gurbin kafin Baba ya iso. Mai shagon har ya san ni, yana hango ni zai fara murmushi. Ɗan abin da nake tarawa don sayen masu kyau a nan yake tafiya.

Na tambayi mutane, sun ƙara rikita ni. Oga ya ce wanda ke aiki da kayan banza yana wasa da yatsunsa ne da sunansa. Mai faci ya ce ƙarfe ƙarfe ne, masu tsadar suna kawai ake saya, kuma in ɓarawo ya kwashe su kuka biyu zan yi. Mai walda ya ce in kawo ya liƙe mini waɗanda suka karye. Matata kuwa da na taɓa mata maganar sai ta fashe da kuka, ta ce akwatin nan shi ne abu na farko da ya faranta wa Baba rai tun rasuwar mahaifiyarta, in ya ji an cuce shi ba ta san yadda zai yi ba.

Ga shi wani kamfani mai motocin rarraba kaya yana son ba ni aikin kula da motocinsa, shugaban direbobinsu zai zo duba wurin. Mutumin ya san kayan aiki. In na sayi masu tsada kaɗan zan iya, kuma Baba zai gani. In na zauna da waɗannan, ina tsoron hannuna, ina tsoron aikin mutane. Wani lokaci har nakan ce ko ni ne ban iya ba, a wurin oga kaya ne suke rufa mini asiri. Ban san inda zan sa kaina ba, Anti.

Naki,
Bakanike mai ɗinki a hannu

*

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da hannu, kuma ban yi dariya ba. Bari mu fara da ƙarfen, shi ya fi sauƙi.

Ni ba bakanike ba ce, don haka na kai wasiƙarka wurin wani ɗan'uwan maigidana da ya tsufa a sana'ar. Ya ce ogan naka da mai faci kowa ya faɗi rabin gaskiya. Guduma, filaya, burushi, da lambobin sifanar da sai jefi-jefi kake taɓawa, masu arha sun ishe ka, kada ka zubar da su. Amma waɗanda ke ɗaukar ƙarfi kullum ba a yi musu rowa: 'yan lambobin sifana da soket da hannunka ya saba da su, doguwar sandar kwance noti mai taurin kai, sifanar nan mai auna ƙarfin ɗauri, da duk abin da ke riƙe mota kana kwance a ƙarƙashinta. Ya ce ba dole sai mafi tsada ba, akwai na tsaka-tsaki masu aminci, akwai kuma na hannu masu kyau in ka tafi da wanda ya san ƙarfe. Ya kuma ce in ja maka kunne: racet ba a zura masa bututu, ko mai tsadar ne zai ba ka kunya. Wannan laifin naka ne, ba na akwatin ba. Batun ba ka iya ba kuwa, cire shi a ranka. Oganka ba zai yaye wanda bai iya ba.

Sayen nan na ɓoye ka daina shi daga yau. Kana biyan kuɗi ne ka sake sayo raunin da ya kai ka asibiti.

Yanzu Baba. Na fahimci tsoron matarka, maraicin uwa ne ke magana, ka lallashe ta. Amma ku biyun kun mayar da dattijo yaro. Mutumin da ya yi aiki har ya yi ritaya, ya aurar da 'ya, ya binne mata, ya ga abin da ya fi tsagaggen soket. Ba akwati ya so ba, so ya yi ya ga ka tsaya da ƙafarka. Ranar da ya gano da kansa cewa kana zubar da jini kana ɓoye masa, wannan ne zai yi masa ciwo, kuma mai goge kayan nan kullum ba zai daɗe bai gano ba.

Ka same shi a gida, ba a gaban maƙwabtan rumfa ba. Ka fara da gaskiyar da ke da daɗi: da kayansa ka buɗe gareji, da su ka ci da 'yarsa shekara guda. Sannan ka ce aiki ya girma, wasu ƙarafan sun gaji, ka nuna masa soket ɗin da hannunka. Ba sai ka ce an cuce shi ba. Ka roƙe shi ya raka ka kasuwa tare da oganka, a zaɓa yana wurin, sababbin kuma su shiga durowoyin akwatin nasa. Zai iya jin ba daɗi na ɗan lokaci, ku bar shi, hakkinsa ne.

Shi kuwa shugaban direbobi, ka nuna masa abin da kake da shi da abin da kake shirin saya. Wanda ya rage ka ara wurin oga kafin ka kai ga naka, ba abin kunya ba ne. Kada ka karɓi aikin da ba ka da kayansa.

Ka yi wannan maganar kafin ka sake kwanciya ƙarƙashin wata mota. Hannu biyu gare ka, kuma babu shagon da za ka je a sayar maka da na uku, mai tsada ko mai arha. Allah ya ba ka lafiya, ya buɗa kasuwa, ya ƙara wa Baba nisan kwana. A gaida mai ɗakin.